Tsutsar dusa a zafin Sakkwato: wa ya tsallake bazara da tasa?

Maman Ikram, Mabera:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya taɓa yi da hannunsa ya amsa min. A watan Oktoban bara na sayo irin tsutsar nan da ake kiwo a cikin dusa, wadda ake ce wa milwom, daga wani mai sayarwa a Ibadan, aka ɗoro min a mota. Saboda 'yan tsakina na yi, da ɗiyan zabbi da nake ƙyanƙyasa da kajin Hausa. Na zuba su a robar wanka mai santsi, dusar alkama kamar tsawon yatsa, na ɗora kiret ɗin ƙwai a sama, ina yanka musu karas bayan kwana biyu. Duk hunturu lafiya lau. Na ga sun sandare sun yi fari, na ga sun zama baƙaƙen ƙwari, na ga 'ya'yansu kamar zare suna motsi a ƙasan dusa. Roba ɗaya ta zama uku.

Da Afrilu ya shigo, wata rana bayan la'asar na shiga sito na ɗaga kiret ɗin. Duk sun taso saman dusa, sun yi baƙi, sun yi laushi, wani wari ya buge ni. Na sa hannu cikin dusar na ji ta kamar tokar da ba ta huce ba. Cikin kwana huɗu robobin uku suka ƙare, abin da na tsince da rai bai cika cokali biyu ba, su ma daga baya suka bi. Wallahi na yi kuka, don wata shida ina lallaɓa su.

Yanzu ruwa ya fara sauka, raina na son in sake. Tambayata ita ce, akwai wanda ya taɓa tsallake bazarar Sakkwato da tsutsarsa a raye? In akwai, yaya ya yi? In kuma abin ba na ƙasarmu ba ne a gaya min gaskiya in haƙura.

Baba Mai Zabbi, Kware:
Wa alaikumus salam. Allah shi mayar miki da alheri ɗiyata. Amma ni wagga magana ta ɗaure min kai. Mi ya kai ki ga sayen tsutsa daga Kurmi, ga gara Allah ya ba mu kyauta? Tun muna yara haka munka ga iyayenmu na yi. Ki samu tsohuwar tukunya, ki cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa da anka karya ƙanana, ki yayyahwa ruwa, ki kife ta bakin gidan gara da marece, ki rufe da tsohon buhu. Da asuba kahin rana ta hito ki ɗauko ki kakkaɓe gaban ɗiyan zabbi. Ki dai kiyaye zago mai babban kai, shi na cizon su ga maƙoshi. Shekara arba'in da wani abu ina wanga aiki, ban taɓa sayen ƙwaro da kuɗina ba.

Maman Ikram, Mabera:
Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiyarka ce, a ƙauyenmu ma haka kakata ke yi. Amma ni a cikin gari nake, gidan haya, tsakar gida duk siminti. Ina zan samu gidan gara? Kuma ba na iya fita daji da asuba. Abin da zan yi a cikin ɗaki nake nema.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Amsa a taƙaice: ana tsallakewa, na tsallake bazara biyu, amma da iri kawai, ba da garke duka ba. Bari in yi bayani don ki san abin da ya kashe naki.

Wannan tsutsa, sunanta a kimiyya Tenebrio molitor, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 28. In ya haura 30 takan fara wahala, in ya wuce 35 ya daɗe a haka sai mutuwa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu rana na kai 42, 43, kuma wannan a inuwa ne. Sitonki in rufin kwano ne ba silin, ya fi haka. Sannan akwai abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba: su kansu tsutsotsin suna haifar da zafi. Dubbai ne a cunkushe suna ci suna goga jiki, don haka cikin dusar ya fi iskar ɗakin zafi da 'yan digirori. Shi ya sa kika ji ta kamar toka. Tasowar da suka yi sama gudun zafi ne, suna neman iska.

Abin da nake yi. Daga tsakiyar Fabrairu nake fara rage su, in ba kaji mafi yawa, wasu in busar in ajiye. Kafin ƙarshen Maris abin da ya rage min ƙaramar roba ɗaya ce, dusa ba zurfi, kamar gaɓar yatsa biyu, tsutsa ba yawa. Ita nake sakawa cikin tukunya cikin tukunya, dabarar nan ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a cikinta, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana janye zafi. Dabarar ta fi aiki in iska ta bushe, kuma bazararmu busasshiya ce. Na sa ma'aunin zafi: ranar da waje ya nuna 42, cikin tukunyata bai wuce 31 ba. Safe da yamma nake jiƙa yashin, wani lokaci har da azahar. A ƙarƙashin rumfa take, inda iska ke ratsawa. In kika kulle ta a ɗaki ba za ta yi sanyi ba.

Maman Ikram, Mabera:
Malam, damshin ba ya lalata dusar? Don an ce min ruwa ne babban abokin gabarsu.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Zai lalata in kika zuba dusar kai tsaye a tukunyar. Ni a roba take, robar na zaune kan tubali biyu ƙanana a cikin tukunya, ba ta taɓa bango. Bakin tukunyar na rufe da ragar sauro, sai in ɗora jiƙaƙƙen buhun algarara a kan sanduna, yadda ba zai ɗiga ciki ba. Kullum sai na sa yatsa na duba. In dusa ta fara dunƙulewa, na canza ta ranar.

Ɗan Wurno:
Ku yi haƙuri, ni zan zo da magana mai ɗaci. Wannan duk wahalar banza ce in dai rage kuɗin abinci ake nufi. Mu yi lissafi. Tsutsa ɗaya da ta girma nauyinta wajen kashi ɗaya cikin goma na giram ne, wato sai ka tara wajen 8,000 zuwa 10,000 kafin ka cika kilo. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Ina da 300. Wato wajen kilo 35 kullum. Ko kashi 5 cikin ɗari na ce zan maye da tsutsa, ana maganar kusan kilo biyu a rana, tsutsa sama da dubu goma sha biyar kowace safiya. Robobi nawa ke nan? Kuma daga ƙwai zuwa girma sai ta kwashe wata biyu zuwa uku tana cin dusar alkama, wadda ita ma saye ake yi, masu kiwon raguna na rububinta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu abin da bai tashi ba, har dusa. Ina jin haushin masu tallata abin nan a Facebook suna cewa an gama da sayen abincin kaji. Suna sayar wa mata iri, su ba ruwansu da abin da zai biyo baya.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Lissafinka daidai ne, ɗan'uwa, ba ni da ja. Duk wanda ya ce tsutsar dusa za ta ciyar da kaji 300 daga ɗakin gida ya yaudare ka. Amma Hajiya ba wannan ta tambaya ba. Ita ɗiyan zabbi gare ta, wataƙila ashirin ko talatin. Kowa a nan ya san inda ake asarar zabbi: makonnin farko. Tsaki da dusa kaɗai ba sa riƙe su. A nan ne cokali biyu na tsutsa a rana ke da daraja, kuma roba uku na iya ba da wannan.

Maman Ikram, Mabera:
Haka ne wallahi. A watan Janairu ina da 'yan tsaki goma sha huɗu. Da na zo da ɗan kwanon nan sai su taso da gudu, ɗaya ya ɗauki tsutsa a baki ya zagaya tsakar gida, sauran na binsa. Ko wanda ya yi sanyi ya ƙi cin tsaki, in ya ga abu na motsi sai ya kai baki. Goma sha uku suka rayu. A da in na samu rabi na gode Allah.

Inna ta Gidan Dare:
Ni dai ƙyama ta hana ni. Mutum shi tara tsutsa cikin ɗakinai da gangan? Kuma kazar da tac ci tsutsa, ya halatta a ci namanta? Na taɓa jin ana hwaɗin jallala ga wa'azi. Malamai su hwaɗa muna.

Malam na Ƙofar Rini:
Inna, tambayarki a kan hanya take. Jallala ita ce dabbar da galibin abincinta najasa ne, kuma akwai hadisi da ya yi hani a kan namanta da nononta. To wannan tsutsar ba a najasa take tashi ba, dusa take ci da karas, abin da ko akuyarki za ki ba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, ƙwaron da ba shi da jini mai gudana mai tsarki ne, ko ya mutu. Kazar Hausa kuwa tun da Allah ya halicce ta take tonon gwazarma a juji, take cin gara da kiyashi, ba wanda ya haramta ta. Don haka ciyar da kaji da ita babu laifi. Maganar mutum ya ci da bakinsa wata mas'ala ce daban mai nata sharuɗɗa, kada a haɗa su. Allah shi ne mafi sani.

Inna ta Gidan Dare:
Allah shi gafarta Malam, na gamsu. Amma hwa ba ta shiga ɗakina.

Ɗalibi daga Jami'ar Ɗanfodiyo:
Inna, ai a Turai ma tun 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da busasshiyar wannan tsutsa a matsayin abincin mutane. Mu da muke layi wajen mai soyayyar fara da yaji, mun riga su sanin cewa ƙwaro abinci ne.

Inna ta Gidan Dare:
Hwara daban, ɗana. Hwara an san ta tun zamanin Annabi.

Mai Tarwaɗa, Kwalkwalawa:
A dawo kan tambayar Hajiya. Ni shawarata ki bar ƙaramar ki koma babbar, wadda ake ce wa sufawom. Asalinta daga ƙasashe masu zafi ne na tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, kuma a hannuna ta fi ƙaramar jure ɗumi. Ba wai 43 ba ya kashe ta ba, yana kashewa, amma ba ta saurin zubewa. Tana kai tsawon santimita biyar, kaurinta kusan na fensir siriri. Tarwaɗata da suka ɗan tasa, in na jefa, kafin ta nutse sun wawushe.

Maman Ikram, Mabera:
Yaya, na taɓa sayen guda ɗari na babbar tare da waccan. Wata huɗu suna nan suna ci suna ƙiba, ko ɗaya ba ta zama ƙwaro ba. Har na ɗauka an yi musu wani abu ne don kada su hayayyafa a sake komawa wajen mai sayarwa. Ƙarshe kaji na ba.

Mai Tarwaɗa, Kwalkwalawa:
Ba abin da aka yi musu, ƙanwata, halinsu ne haka. Babbar tsutsa in dai tana jin jikin 'yar'uwarta na taɓa ta, ba za ta sandare ba, ko za ta yi wata shida. Dalili kuwa, in ta sandare ba ta iya motsi, sauran cinye ta za su yi. Sai kin ware ta ita kaɗai.

Yadda nake yi: ina tara ƙananan robobi masu murfi, irin na man shafawa da suka ƙare, in wanke su tas, in huda murfin da ƙusa mai zafi. Sai in zaɓi manyan da suka cika girma, kowace ɗaya a robarta, ba abinci ba komai, in jera su a kwali in rufe su yi duhu. Kada ki ji tausayi ki sa mata karas, in ta samu abinci sai ta ci gaba da zama tsutsa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu za ki ga ta lanƙwashe kamar jinjirin wata. Wannan alama ce mai kyau. Wadda ta miƙe sambal ta yi baƙi ta mutu, ki zubar. Bayan 'yan kwanaki mai lanƙwasar za ta tuɓe fata ta koma fara, ba ta ci ba ta tafiya, sai dai in kin taɓa ta ta kaɗa wutsiya. Ki bar ta wajen mako biyu ko uku. Za ki ga ƙafafunta sun fara duhu, sai ƙwaro ya fito, fari tukuna, ya koma ja, sannan baƙi wuluk. Ranar da na fara ganin wannan na kira yarana duka suka zo suka kalla.

Ƙwarin sai ki haɗa su a roba ɗaya da dusa da kiret ɗin ƙwai da abin jiƙa maƙoshi. Suna da wani wari in an dame su, kada ki tsorata. Bayan kowane mako biyu ki kwashe su zuwa sabuwar roba, ki bar tsohuwar dusar, ƙwai na ciki ko ba ki gani ba. In kika bar iyaye a kai za su cinye ƙwan. Aibinta guda: jinkiri. Kafin 'ya'yan su kai girman iyayensu sai wata uku ko huɗu. Kuma kada ki kuskura ki sa ta a firij. Ƙaramar in an sa ta a sanyi barci take yi ta dakata da girma, babbar mutuwa take.

Hajiya Mai Talo-talo, Arkilla:
To ai ga mafita. Mai ƙaramar ta sa irinta a firij daga Afrilu zuwa Yuni mana.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Hajiya, in kina da sola mai riƙe firij dare da rana, yana yiwuwa na wasu makonni, ana fito da su lokaci-lokaci su ci su sha. Amma firij ɗin da wuta za ta zo awa uku ta tafi, ya yi sanyi ya huce, ya yi gumi a ciki, wannan ya fi barin su a waje muni. Na gwada da 'yan kaɗan, dusar ta jiƙe ta yi hunhuna.

Likitan Dabbobi:
Salamu alaikum. Na karanta duka, zan ƙara abubuwa daga ɓangarenmu.

Mai Tarwaɗa ya yi bayani mai kyau, amma ga sababbin ƙyanƙyasa ban ba da shawarar babbar tsutsa ba. Fatarta ta fi tauri, bakinta na da ƙarfi, kuma ta yi wa ɗan zabo mai kwana uku girma. Ko dai a ba shi ƙananan 'ya'yanta, ko a yanka, ko a tsaya kan ƙaramar.

Sannan a san me ke cikinta. Ɗanyar tsutsar dusa wajen kashi 20 cikin ɗari furotin ne, in an busar yana kai kusan rabi. Tana da mai sosai, babbar ma ta fi. Amma sinadarin kalsiyam kaɗan ne ƙwarai. Mai kaji masu ƙwai in ta yawaita ba su za su yi kitse, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Dole garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai ya kasance a gefe. Ƙari ce a kan abinci, ba ita ce abincin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Wani ya taɓa zuwa wurina da murna wai ya samu iri kyauta a ƙarƙashin ɓuntun ɗakin kajinsa. Don Allah kada a yi haka. Wannan ƙaramin baƙin ƙwaron da ke cikin shimfiɗar kaji, da tsutsarsa mai kama da wadda muke magana, wani jinsi ne daban, Alphitobius diaperinus. Yana cin kashin kaji da mushensu, yana ɗauke da cututtuka irin su salmonela, yana kuma yaɗa tsutsar ciki. Ƙwaro ne da muke yaƙa, ba na kiwo ba.

Na ƙarshe, lokacin tankaɗe kashin tsutsar dusa a sa takunkumi, a yi a waje. Ƙurar nan tana tayar da asma da ƙaiƙayin ido ga wasu, kuma tana iya kama mutum bayan ya daɗe yana shaƙa ba ta yi masa komai ba. Mai yaro mai asma kada ya ajiye robobin a ɗakin kwana.

Baba Mai Zabbi, Kware:
Likita, ka zo ga abin da ka damuna. Wanga ƙwaro na tsutsar dusa ba hatsi shi ka ci ba? In ya kuɓuce ya shiga rumbuna hwa? Mu da muka yaƙi da ƙwarin gero, a kawo muna wani baƙo?

Likitan Dabbobi:
Baba, tsoronka na da tushe, domin asalinsa ƙwaron ma'ajiyar hatsi ne. Sai dai ya fi son gari da dusa da hatsin da ya tsufa ya ja damshi, ba ya huda lafiyayyar ƙwayar gero yadda ƙananan ƙwarin rumbu ke yi. Ba ya iya hawa roba mai santsi, kuma da wuya ka ga ya tashi sama. Duk da haka, kada a ajiye shi ɗaki ɗaya da buhunan abinci, a rufe da raga, kuma tsohuwar dusa kada a watsar a bayan gida haka nan. A baje ta gaban kaji su tsince, ko a shanya ta a rana mai zafi kafin a kai lambu.

Mai Lambu, Goronyo:
Kashin nasu kuwa taki ne. Kamar yashi yake, busasshe, ba wari. Na zuba a bedin irin albasa da na tattasai, sun yi kore shar. In wani yana zubarwa ya tara min.

Maman Sadik, Tudun Wada:
Ni ba zafi ne ya kashe nawa ba, kuma ina so in faɗa don wata ta kiyaye. A watan Satumba sauro ya dame mu, maigida ya yayyafa ota-fiya-fiya a falo ya rufe ƙofa, robata na bayan kujera, ba wanda ya tuna. Da safe duk sun miƙe. Maganin ƙwari ba ya bambance sauro da abin kiwonki. Har hayaƙin igiyar sauro a nisanta. Daga baya na sake, sai wata dusa da na sayo a Kara ta sa suka yi ta mutuwa kaɗan-kaɗan. Ina zargin hatsin da aka sa wa maganin ajiya ne. Yanzu duk sabuwar dusa sai na ɗebi kaɗan a kofi na sa tsutsa goma su kwana uku. In suna nan da rai sannan in zuba wa sauran. Karas ma ina wankewa in kankare bayansa saboda feshi.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Wannan gwajin kofin na Maman Sadik kowa ya riƙe shi. Tun da kuma Hajiya yanzu za ta fara, damina na da nata. Zafi ya sauka, amma damshi zai kawo hunhuna da wasu mitsi-mitsin ƙwari farare. Za ki ga kamar gari a jikin robar, in kika ƙura ido sai ki ga garin na tafiya. In suka yi yawa sai dai a tsince tsutsar a zubar da dusar. Maganinsu tun farko ne: ki zuba dusar a baƙar leda ki ɗaure ki bar ta a rana wuni biyu, ko ki ɗan soya ta sama-sama a tukunya ba mai, ta huce sarai kafin ki yi amfani da ita. A damina kada ki sa ɓawon kankana, ruwansa ya yi yawa. Karas ko dankalin Hausa, yanka biyu, abin da ba su cinye ba washegari ki cire. Da hunturu kuma akasin haka, iska na busar da masu sandarewa har ƙwaro ya fito da karyayyen fiffike, lokacin ne ake ƙara kabewa da ganye a kuma rufe rabin bakin robar. Dusar alkama ita ce gaba, amma ina haɗa ta da ta masara don sauƙi. Ta shinkafa mai yawan ɓuntu ba sa ƙiba da ita.

Kada a manta cinnaka da tsaka da ɓera. Ƙafafun teburina kowace na cikin gwangwanin ruwa.

Ɗan Wurno:
Na ji, kuma na yarda ga mai 'yan zabbi ashirin abin na da amfani. Amma ga irina, tsutsar baƙin ƙudan soja ta fi. Cikin mako biyu zuwa uku ta girma, tana cin ruɓaɓɓen tumatir da ragowar abinci da ake zubarwa a kasuwa, kuma ta fi wannan son ɗumi. Ita nake shirin gwadawa a gona.

Maman Ikram, Mabera:
Allah ya ba da sa'a Yaya. Ni a gidan haya ba zan iya tara ruɓaɓɓen abu ba, maƙwabta ba za su yarda ba. Ta dusa ba ta wari in ana kula da ita, mijina ma sai da ya yi wata guda bai san tana sito ba sai da na nuna masa.

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawara zan sake da ƙaramar a wannan watan, roba biyu, in fitar da su daga sito zuwa ƙarƙashin rumfa. Babbar zan sayi hamsin in gwada warewar da Yaya Mai Tarwaɗa ya koya min, har na sa Ikram ta fara tara robobi. Tukwane kuma tun Janairu zan saya, ba sai zafi ya zo ba. Saura iri. Ina tsoron a sake ɗoro min daga nesa, wancan karon ma rabi a mace suka iso.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
Ba sai kin aika Ibadan ba. Waɗanda na tsallakar sun fara zama ƙwari tun makon jiya, kuma waɗanda suka sha bazarar garin nan suka rayu na fi yarda da su. Zan ɗebar miki ƙwari kamar ɗari da dusa mai ƙwai, ba da kuɗi ba. Ki turo yaro ranar Asabar da sassafe, ya zo da roba mai hudajjen murfi. Ya riƙe ta a hannu cikin inuwa, kada ya ɗora ta kan tankin babur.

Baba Mai Zabbi, Kware:
Malam, in akwai saura a aje min kaɗan. Jikana na son shi gani. Ina shigowa gari ran Jumu'a.

Malamin Gona, Runjin Sambo:
An gama, Baba. Zan ware maka tun daren Alhamis.